Allurar Bulus da Ƙaryar da Na Ɗora Mata

Shekara bakwai ke nan da muka binne Bulus a garinsu, bayan Assakio, kuma shekara goma sha biyu da na yi masa ƙaryar da har ya bar duniya ban janye ba. Sunana Sabo, doya nake sayarwa a Lafia. Karatuna bai yi nisa ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun, ya ji maganar.

Tare muka tashi da Bulus, layi ɗaya. Shi ya yi karatun nas, ya ƙware a allurar kashe zafi da ake yi wa mutum kafin tiyata. Kullum akwai wani ƙashin roba a aljihun rigarsa, mai siffar bakin fartanya, wai shi ne ƙarshen ƙashin bayan mutum. Ko shayi muke sha sai ya zaro shi ya nuna mana wata 'yar ƙofa a ƙasansa. Ta nan, in ji shi, ake zura allura, magani ya kashe mutum daga ƙugu zuwa ƙasa. Yakan ce ƙofar kowa daban: ta wani faffaɗa, ta wani 'yar tsaga, ta wani ma ƙashi ya rufe ta tun haihuwa. Mu dai dariya muke yi, muna cewa Bulus na yawo da gadon kakansa.

Sai basir ya kwantar da ni, har aka ce sai an yanke. Na gaya wa 'yan kasuwa wai Makurɗi zan je, na lallaɓa asibiti. Bulus ya kifa ni, ya sa babban yatsa yana lalube a ƙasan bayana. Ya soka sau ɗaya, ya ji ƙashi. Ya sake, ƙashi. Sai ya tsaya ya ce, "Sabo, naka a rufe yake, ba zan yi faɗa da ƙashi ba." Ya zaunar da ni, ya yi allurar a sama kaɗan, nan da nan ƙafafuna suka zama na wani. Iyakar abin da ya faru ke nan, ban da kukan da na yi ina kiran Inna.

Da na koma kasuwa, ashe wani ya gan ni a asibiti. Kunyar ambaton basir ta kama ni, sai na ce ai gwaji na je: maganin ƙarfe na sha tun ina saurayi, kuma allura ta lanƙwashe a bayana. Ranar farko allura biyu ce. Kafin sati ta zama bakwai, wai Bulus kuma har gumi ya yi ya nemi gafarata. Aka sa mini suna Sabo Ƙarfe, ni kuwa na karɓa da hannu biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ba kowa ya yarda da maganin ba. Waɗanda ba su yarda ba sai suka ce hannun Bulus ne ya fara rawa. Na ji da kunnena wani dattijo na cewa in dai Bulus ne zai yi masa allura, gara ya mutu da ƙabarsa. Na yi shiru. Bulus ya ji, shi ma ya yi shiru, domin sirrin majinyaci ne. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Nawa dai don tuwo da sakwara ne, nasa ne na ajiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A wani biki a Kwandere, masu wasan wuƙa suka ji ina wurin. Aka jawo ni fili, aka ɗage mini riga, wani ƙato yana wasa wuƙa a dutse. Na dubi cikina, na dubi wuƙar. Sai ga Bulus ya ratso taro, farantin shinkafa a hannu, ya ce, "Ku dakata. Ni na duba mutumin nan. Taurin nasa wuri ɗaya ya taru, can inda yake zama. In gwaji kuke so, sai ya sauke wando gaban surukai." Fili ya kece da dariya, aka mayar da wuƙa kube. Ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba, kuma bai tona ni ba. A hanya na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji kaina ina cewa shinkafar ta yi gishiri.

Bara ciwon baya ya kai ni asibiti. Wata likita, sa'ar 'yata, ta goga mini na'urar sikanin, ta ce, "Baba, ƙofar ƙashinka ta ƙasa a toshe take, haka aka halicce ka." Abin da na'ura ta gani da wutar lantarki, Bulus ya gano shi da babban yatsa. Da yana nan, na san zai so na'urar, zai kuma tsaya bayan yarinyar yana cewa ta fara taɓawa da hannu, don wutar Lafia ba ta da alkawari. Ban san me zai ce game da wayar hannu ta yanzu mai yaɗa labari ba, amma na gode Allah ba a yi ƙaryata a zamaninta ba, da allurar ta kai ɗari.

Bayan rasuwarsa, matarsa Maman Rahila ta kira ni ta miƙo mini ƙashin robar nan, ta ce wasiyya ce. Na juya shi, sai na ga ya toshe 'yar ƙofar da kakin kyandir, ya rubuta "Sabo" a gefe. Ko ita bai gaya wa ma'anarsa ba. Na jefa shi ƙasan akwati, ya yi shekara bakwai a can.

Bulus bai bar gida mai bene ba. Ya bar mutane da yawa da aka yanka ba su ji zafi ba, ya bar kuma wani mai doya da cikinsa ba tabo. To jama'ar Lafia, ku shaida: hannun Bulus bai taɓa rawa ba. Wuƙa na cina, allura na cina, basir ne ya kai ni, kuma na yi kuka. Ƙashin yana kan teburina a kasuwa tun jiya, kusa da doya. Duk wanda ya sake kirana Sabo Ƙarfe, zan miƙa masa ya duba da kansa.