Kwalbar Inna

Shekarar da hatsi ya ƙi, gidanmu suka koma cin tsohuwar dawa ba miya, inna ta fara canzawa. Fatar wuyanta da bayan hannuwanta suka yi baƙi kamar ƙuna, gefen bakinta ya tsage, ga zawo ba tsayawa. Wata rana ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. A ƙauyenmu, kusa da Lugu, ba sai an tambaya ba, kowa ya ce aljana doguwa ce ta taɓa ta.

Ana haka mota ta zo daga Dogon Dutsi da likita Nasara da tafintansa. Suka raba wa masu irin ciwon kwalabe masu lamba, aka ce kowa ya yi fitsari a ciki. Tafinta ya ce za a kai Yamai a auna, a ga ko jiki ya rasa wani abu wai shi bitamin. Maganin kaɗan ne, sai wanda awo ya nuna za a ba.

To mu ko a daji muka yi fitsari sai mun tura ƙasa mun rufe, don wanda ya samu fitsarinka ya same ka. Inna ta damƙe hannuna.

"Ɗiyata, kak ki bari su tai da hitsarina. In sunka tai da shi, ni sunka ɗauka."

"Inna, in ba a kai kwalba ba, sai kumandan, Nasara mai mulkinmu, ya jiya."

Ni kuwa lokacin ina ji da wayo, ga ni ɓul-ɓul, don gidan mijina akwai shanu, nono ba ya yanke mana. Na zagaya bayan rumbu na cika kwalbar da nawa. Na miƙa wa tafinta har da durƙusawa, ina yi masa dariya a zuci.

Kafin motar ta dawo inna ta daina gane ƙofar ɗakinta. Ran da suka zo, tafinta ya dinga kiran lamba ana ƙirga wa mutane ƙwayoyi a tafin hannu. Maƙwabciyarmu, wadda ta fi inna jin jiki, a tabarma aka kawo ta, ta karɓi nata. Da aka zo kan lambar inna, likitan ya dubi takarda, ya dubi wuyanta.

"Awo ya ce jikinta bai rasa komi ba," in ji tafinta. "Likita na tambaya, kin tabbata kwalbatta ce?"

Na tuna kumandan, na tuna bulala, na ce tata ce. Tsoro ne kawai, kuma har yau ina jin haushin bakin nan nawa.

Maƙwabciyar ta miƙe kafin a yanke gero. Ita ce ta yi wa inna wankan gawa, ni ina zuba mata ruwa.