Mai Goge Allo a Hindawiyya

A unguwar Hindawiyya ta Jidda, kowace rumfar abinci tana da allo mai jerin girke-girke. Yau ga wani dattijo siriri yana goge nasa, yana ta ƙyalƙyala dariya. Layi ɗaya ya bari: shinkafa da kifi. Yadda yake dunƙula loma da yatsu biyu ya sa nake zaton ya daɗe yana aiki a gidan sushi, abincin Japanawa.

"Baba Lado, ina waina? Ina kabsa?" in ji wata mata.

"Halas, an daina, Hajiya! Bajapane abu ɗaya yake yi, ya ƙware."

Ta juya, mutum biyu suka bi ta. Ni kuwa, duk da natsuwata, sai da na zuba loma tara. Ko unguwa za ta karɓa, wannan ba a sani ba tukuna.