Inna a ɗakin da nake aiki

Ni nas ce a wani asibiti a nan Sakkwato. Lokacin da aka kawo mana tsarin nan na cewa bayan likita ya faɗi cuta, mu ma mu tantance abin da ke damun majinyaci ta fuskar jinya, ko tsoro ne, ko rashin barci, ko kasa cin abinci, yawancinmu taɓe baki muka yi. Gadaje cike, hannuwa kaɗan, ina lokacin?

Mutum ɗaya ta riƙe shi da gaske, wata abokiyar aikina 'yar Gawon Nama, wadda muka yi makaranta tare. Kujera take ja ta zauna gaban majinyaci, kamar mai hira a tsakar gida.

Sai mahaifiyata, Inna, ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita ɗakinmu. Ta ƙi ci, ta ƙi sha. Na damo fura tun daga Ƙofar Rini, ta kau da kai. Na ce zafin ciwo ne.

Wata hantsi na shigo na tarar da abokiyar nan tawa riƙe da hannun Inna, suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganina suka katse maganar.

A waje na tare ta. "Mi tac ce miki?"

"Ba ciwo ya hana ta ci ba," in ji ta. "Tsoro takai in ta ci, ke za ki ɗaukar mata fo gaban abokan aikinki. Ke ce ta fari, kunyarki takai."

Abokiyar tawa ta sa aka kewaye gadon da labule, ta ce wa Inna ɗaukar fo aikinta ne. Kafin la'asar Inna ta shanye furar.

Na yi hamdala. Amma Innar da ko sunana ba ta faɗi saboda kunya, ga ta tana kiran wata "ɗiyata", tana dariya har da tafa hannu.

Inna ta warke, tana takawa da sanda. Da Babbar Sallah ta zaɓi cinya mafi kyau, ta miƙo mini.

"Kai wa ɗiyata ta asibiti."

Na kai. Ban zauna ba.