Gwaggo da Hasken Ƙofa

Jiya rediyo ya ce masana suna gano duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Ba ganinsu suke ba. In duniya ta gitta gaban tauraronta, haske ya ragu, sai su auna girmanta. Ni da na yi aji uku a lakwal, makarantar boko, na ce ilimin Gwaggo suka kwashe.

Da idonta ya raunana, hasken ƙofa kaɗai take gani. Ran nan ana tsakar noma, na ɓoye hauya, na lallaɓa zan gudu kasuwar Mayahi. Tana ɗaki tana ɓarar gujiya, ƙas-ƙas. Ina gitta ƙofar sai ta ɗaga murya.

"Kai, ƙato! Wannan duhun ya fi na akuya. Koma gona!"

Na koma, da gemuna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, kada kowa ya gitta.