Kwandon Ummu Midhat

Ummu Midhat tana hawa na huɗu a gidanmu na unguwar Shubra, ni ina na uku, shekara talatin ke nan ina jin takunta a bisa kaina. Duk matan layinmu kwando muke zurawa da igiya ta baranda, Ammu Subhi mai kayan miya ya zuba mana, mu ja. Ita kaɗai ta ƙi. Wai tumatirin da ba ta matsa da hannunta ba, ba zai shiga tukunyarta ba. Kullum sai ta sauka matakala sittin da huɗu, ta wanke Ammu Subhi tas, ta hau abinta. Shekararta saba'in da takwas, ita kaɗai take zaune, baki kuwa kamar reza.

Bara mura ta kwantar da ita mako biyu. Ɗanta Midhat ya zo da kwando sabo fil, ya ce sauka ta ƙare. Na san don ƙauna ya yi, amma har yau haushinsa nake ji. Cikin wata biyu matar da ke wuce ni a matakala ta koma sai ta dafa tebur take miƙewa, abinci kuma daga shayi sai gurasa. Da ya ga haka ya ce ƙarshen wata zai ɗauke ta zuwa gidansa, can sabuwar unguwa bakin hamada, inda ba ta san kowa ba.

Ta buga min ƙasa da sandar shara, na hau.

"Ihsan, kwandon nan ne ya cinye min ƙafafu."

"To Hajiya, ki jefar da shi mana."

"Ke dai kanki a tukunya yake. Ba ki san maigadin gidan nan idon Midhat ne ba?"

Kwando ya ci gaba da sauka kowace safiya don maigadi ya gani. Ita kuma ta fara da matakala goma sha shida zuwa ƙofata. In ba ta ƙwai da wake, ta cinye tana kushe gishirina, sannan ta tashi ta zauna sau goma a kujerata tana tsine wa gwiwoyinta. Mako na biyu ta kai hawa na biyu. Na uku ta ɓullo bayan Ammu Subhi daidai yana zuba mata ruɓaɓɓen tumatir a kwando.

"Ashe haka kake min, marar tsoron Allah?"

"Hajiya! Wallahi na yi kewar zagin nan!"

Ranar Juma'a Midhat ya iso da mota da akwatuna biyu. A ƙofar gida ya same ta, ta ɗora masa ledar albasa.

"Mu je sama. In ka riga ni, na bi ka gidanka."

"Haba Mama, wasa kike?"

Ta kama ƙarfen matakala. A ƙofata ya tsaya, tumbi na sama da ƙasa, yana roƙona ruwa. Na kawo masa, amma ban yi sauri ba.

Bayan la'asar ya mayar da akwatunansa mota yadda ya zo da su. Na hau na tarar da ita zaune bayan ƙofa, tana murza gwiwoyinta, hawaye na zuba. Tausayi ya kama ni.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Hajiya."

"Kada ki faɗa masa yadda kika gan ni. A ɗakin nan na haife shi, a nan aka fitar da ubansa." Ta share fuska da mayafi. "Gobe ki bar ƙofarki a buɗe, zan sauko."