Dutsen Tokare Ƙofar Mai Agogo

Kowace safiya Mai Agogo yakan share bakin shagonsa, ya tokare ƙofa da wani baƙin dutse, sannan ya bi agogunan bango yana wana su. Babu biyu a cikinsu da suka taɓa yarda da juna a kan lokaci. Wannan gardama tasu ce ta zaunar da ni a bencinsa shekara da shekaru. Wani lokaci nakan ji kamar gulmarmu suke yi.

Layin nan yana da dabararsa. Da an hango masu karɓar haraji, sai mai walda ya buga ƙarfe, kowa ya ja ƙofa ya lafe a ciki, har keken tela ya ɗauke numfashi. Ƙofa ɗaya ce takan tsaya a buɗe. Mai Agogo yakan ba su kujera, ya faɗi abin da ya samu ba ragi, ya biya. Su kuwa in sun zauna, sai su jiyo tarin maƙwabci ta bango.

Abin ya ja masa baƙin jini. Aka sa masa suna Surukin Gwamnati. Tela, abokinsa tun ƙuruciya, ya daina amsa gaisuwarsa. Ranar auren 'yar Mai Agogo rabin layin wai uzuri ya taso musu.

Na taɓa tambayarsa ko kwalta aka yi masa alkawari, tunda ramukan titinmu har sun yi jikoki. Ya yi dariya. Ya ce yana ƙarami ya ga mahaifinsa, wanda ya ɗauka ya fi kowa girma a duniya, a duƙe ƙarƙashin teburin nan, yatsa a baki, masu haraji na ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ɗan'uwa, tun ranar ban ƙara kallon Baba da idon da na saba ba. Na ce ni kam 'ya'yana ba za su gan ni a duƙe ba."

Kai ne tsayayye, Mai Agogo. Kai ne ka sayi mutuncinka da tsada, muka bar ka kana biya kai kaɗai, babu ko sannu.

Yanzu ido ya gaza, 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Ranar kwashe kaya tela ya leƙo yana sosa ƙeya, wai lokaci ya zo tambaya, alhali bango ya riga ya zama fayau. Mai Agogo ya lalubo dutsen, ya ɗora masa a hannu.

Mun gode, ko da godiyar ta makara. Ku kuma masu shaguna, ku tuna akwai idanun da ke kallonku daga gida. Dutsen yana nan a bakin shagon tela. Ni dai na mayar da zamana can, ina jiran ranar da ƙarfe zai sake ƙara.