Laifin Bakin Tankina, Na Ɗora wa Kawuna

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗoriya, ina tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura, wadda mu nan muke ce wa boksi, tsakanin ƙauyenmu na kusa da Hawata da birnin Gadarif. Ina da saurin fushi, kuma ina ganin babu abin da ban sani ba a cikin mota. Kawuna ne ya rene ni tun rasuwar mahaifina. Shi ke ajiye wa garinmu man dizal a duro-duro kafin damina ta yanke hanya, masu tarakta da masu mota duk wajensa suke sha, domin an san mudunsa ba ya ƙarya.

A farkon damina murfin tankina ya faɗi a wata gargada, ban ma san inda ya faɗi ba. Don kada ruwan sama ya shiga, sai na yanko robar cikin taya na rufe bakin tankin, na naɗe da wata robar tamau, har ina yabon dabarata. Bayan kwana biyu motar ta fara wani hali. Takan tashi lafiya, mu yi tafiyar kamar rabin sa'a, sai ƙarfinta ya ragu, ta dinga shessheƙa, ta mutu a tsakiyar gonakin dawa. Sai in sauko in kwance robar, in zura kara in ga akwai mai, in sansana, in ɗaure, in buga famfon hannu, ta tashi kamar ba ita ba. Na canza matatar mai, na hure bututai, na duba famfo, duk a banza. Sai zuciyata ta ba ni cewa man ne, kuma man daga duron Kawu yake.

Ranar wata Juma'a motar ta mutu da ni sau uku, ɗauke da ma'aikatan da za su yi wa wani manomi noman riɗi. Mai gonar ya zage ni tas. Na iso gari ana saukowa daga masallaci, na tarar da Kawu zaune da dattawa a wajen mai shayi. Ko sallama ban gama ba na ce a gabansu yana zuba ruwa a mai, kuma ni da ya rena ma bai ƙyale ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, ni ban zuba ba. Amma in ka ga ruwa, ai ka gani." Ban ga ruwa ba. Ko ɗigo ban taɓa gani ba, amma ban janye maganata ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin sati ya zagayo, duk wanda injinsa ya yi tari sai ya ce man tsoho ne. Masu tarakta suka koma sayowa daga Hawata duk da laka. Kawu ya daina zama wajen shayi, daga gida sai masallaci.

Ni kuwa na juye tankina kaf, na cika da man gidan mai na Gadarif, na kama hanya ina murna. Rabin sa'a, motar ta mutu. Na ce wa kaina ragowar dattin ne. Da abin ya ishe ni na kai ta wajen wani tsohon makanike a unguwar masu gyara. Bai ko ɗauki sifana ya kwance komai ba. Tambaya ya yi ta yi mini: bayan minti nawa take mutuwa, kuma me nake yi kafin ta tashi. Ya shiga muka yi ta zagaye har ta mutu, ya sauka ya kai kunnensa bakin tankin, ya sassauta robar. Ni ma na ji tankin ya ja iska da ƙarfi. Ya ce murfin gaskiya yana da 'yar ƙofa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita, ni kuwa na shaƙe tankin, famfo yana ja, amma mai ba ya zuwa. Duk sanda na kwance don in duba, ni ne nake ba shi numfashi ban sani ba. Ya sa mini tsohon murfi, motar ba ta ƙara mutuwa ba.

A ranar ya kamata in je in durƙusa gaban Kawu, in kuma koma wajen mai shayi in faɗi gaskiya. Kunya ta hana ni. Na ce bari a gama yankan riɗi, aiki ya yi sauƙi, in tafi masa da sukari da turmin yadi. Ina can Ƙala'at an-Nahal ina jigilar buhuna aka kira ni a waya cewa zazzaɓi ya kwantar da Kawu kwana uku, ya rasu, an yi jana'iza da safe.

Bayan addu'ar bakwai Inna, matarsa, ta kira ni ɗaki. Ta ce tun ranar Juma'ar nan Kawu ya bi durorinsa ɗaya bayan ɗaya yana tacewa da ƙyalle, bai ga komai ba, amma ya ce yaron nan ba ya ƙarya, wataƙila ruwa ya shiga ta inda idonsa bai kai ba. Bai ƙara sayar wa kowa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ya bar maka saƙo. Ya ce ka yafe masa wahalar da ya ja maka a hanya."

Na faɗi gaskiya a masallaci bayan haka, mutane suka yi ta salati, wasu suka yi kuka. Amma wanda ya fi cancantar ya ji ba ya nan, kuma wannan baƙin cikin da shi zan mutu. 'Yan'uwana direbobi, in mota ta ƙi, ku fara duba abin da hannunku ya taɓa kafin ku nuna wani da yatsa. In kuma kun gane kun yi wa mutum ƙazafi, ku je masa a ranar, ko da hannu wofi. Kawuna ya tafi kabari yana neman gafarata a kan laifin da ni na yi.